Akawal a Bakin Rijiya

Ku 'yan kabu-kabun nan da kuke tsayawa gindin bedi kusa da inda nake shimfiɗa tabarmata, kada ku ɗauka kunnena ya mutu. Ina jin ku sarai. Shekaranjiya da dokin maigari ya wuce, ɗayanku ya ce hawan doki ai wasan yara ne, ka ja linzami ya tsaya, ka saki ya tafi, wai moto taku mai ƙafa biyu ta fi shi wuya tunda ita sai an koyi birki. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Moto ba ta fushi, ba ta jin tsoro, ba ta riƙe wanda ya zalunce ta bara. Ni Illa na yi shekara hamsin da ɗoriya ina horon dawaki daga Gidan Sori zuwa Cadakori, har Gazawa an sha kirana, kuma har yau ban ce na gama sanin doki ba. Ku kashe injin ku zauna.

Wurin Baba Nomau na koya, a wani ƙauye gefen Tibiri. Shekara biyu cur ban sa ƙafa a likkafa ba. Aikina kwashe kashi, yankan ciyawa, jiƙa dusa da kanwa, da wanke dawaki idan gulbi ya kawo. Ranar da ya ga na isa a ba ni linzami, bai sa shi a bakin doki ba. Cewa ya yi in miƙe ƙafa. Ya ɗora harshen ƙarfen a kan ƙashin ƙaurina, ya ɗan danna da yatsa biyu. Na ƙwalla ƙara har kaji suka watse. Ya ce, "To, ka ji abin da bakin doki ka ji. Kuma kai naka ƙashi na, shi nashi nama na." Tun daga ranar nake riƙe linzami da tsoron Allah.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai ragama, igiyar kai wadda ba ta da ƙarfe, da ita ake fara wa dukushi. Sai dabaibayi, sai doguwar igiyar talala, sai sirdi da majayin da ke ɗaure shi, da likkafa, da ƙaimi. Bulala kuwa a rataye take a ɗakin Baba Nomau har gizo-gizo ya yi mata saƙa. Dukushi ba a haye masa haka kawai. Tsumma za ka fara ɗora masa, sannan taiki da yashi kaɗan, kullum kana ƙarawa kana zagayawa da shi a talala, sai ya yi wata biyu bai san ranar da nauyin ya zama na mutum ba. Daga nan ake shiga taƙama, a shiga sassarfa, a shiga sukuwa. Zamiya ita ce ƙarshe, don ita ke karya ƙafar dokin da aka yi wa gaggawa.

Masu dawakin su ne wahalar sana'ar. Wani mahauci a Gazawa ya sayi ingarma wata shekara da kaka ta yi kyau, ya aiko aka kira ni, ya ce cikin kwana bakwai yake son doki ya iya rawa saboda bikin ƙanensa. Na duba dokin, na duba shi, na ce dokin zai iya a wata uku, shi kuma sai shekara. Ya ji haushi ya haye da kansa, ya danna ƙaimi dama da hagu lokaci guda. Dokin ya ɗauke shi bai dire shi ko'ina ba sai cikin rumfar mai barkono. Da ya dawo yana atishawa, ya ce mu fara da shi ɗin.

Kowane mai horo yana da hannunsa da ake gane shi da shi. Nawa gaisuwa ce. Doki ya taho a guje, ya zame ya tsaya cak a gaban babba, sannan ya sunkuyar da kai ya ja da baya taki uku. Ba da ƙarfi ake sa shi ba. Ka ɗan kwanta baya a kan sirdi, ka matse cinya, ka taɓa linzami, shi ke nan. Ko a kasuwar wani gari aka ga doki ya yi haka, sai ka ji an ce wannan hannun Illa ne. Ba zan ɓoye muku ba, ina ji da wannan abin ƙwarai.

Sai babban fari na biyu ya zo, wanda iyayenku suke ba ku labari. Na farkon ya rage mana dawaki, na biyun ya zo ya share sauran. Gero ya kai gwiwa ya ƙone a tsaye. Ba harawa, ba kara. Kafin bazara maza masu ƙarfi duk sun tsallaka iyaka cin rani, jakuna kuwa wanda bai mutu ba an sayar. Fatake suka riƙa bin kasuwanni suna sayen dawaki a wulaƙance suna lodawa a manyan motoci zuwa kudu, kuma kowa ya san ba hawansu za a yi ba, yankawa za a yi. Dawakai da yawa da suka bi ta hannuna na ga an tura su mota da idona.

A garinmu, can gefen Gidan Sori, doki ɗaya ya rage. Akawal muke ce masa saboda baƙi ne wuluk, na Baba Arzika. Gidansu tsohon gida ne, kakanninsu daga Tibiri suka fito, kuma ba a taɓa ganin turkensu ba doki ba. Ni na hore shi tun yana dukushi, kuma a duk dawakin da na taɓa babu mai gaisuwa irin tasa. Wata safiya Baba Arzika ya aiko in zo. Na tarar ya kware rabin jinkar rumbunsa, Akawal yana taunar tsohuwar ciyawar, haƙarƙarinsa duk a waje.

Ya ce, "Illa, ka gani da idonka. Ba ni da abin ba shi. Ran kasuwar Cadakori mai zuwa wani halke cikin masu sayen dawaki za shi biyo ta nan, shi ɗauke shi. Kwana takwas ke nan. Na kira ka don kar ka ji ga bakin wani."

Na fito, ƙafata ta kai ni bakin rijiya. Rijiyar garinmu gaba talatin da biyar ce, kuma a shekarar ruwan ya ƙara gudu ƙasa. Da wasaki ake ja, babban gugan fata wanda mutum ɗaya ba ya iya fito da shi. Akwai rugar Baffa Juli kusa da mu, wani tsohon Bafillace da 'ya'yansa suka yi kudu da shanu masu ƙarfi suka bar masa raunana. Takarkarinsa ne ke ja wa kowa ruwa, gari da ruga. To a makon nan takarkarin ya faɗi bai tashi ba. Na tarar da mata shida da tsofaffi biyu sun kama igiya suna tafiya da ita, suna yi suna zama don jiri. Tun hantsi wasaki huɗu suka fitar. Shanu sun kewaye kwami, ko kuka ba sa iya yi.

Nan dabara ta faɗo mini. Na tambayi Baffa Juli, in na kawo abin da zai ja wasaki, wa zai ciyar da shi? Ya ce su za su kakkaɓo 'ya'yan gawo daga daji, matan gari suka ce kowane gida zai ba da tafin dusa. Na koma wurin Baba Arzika da gudu.

Da ya ji, sai da ya miƙe tsaye. "Dokin gidanmu? Ga wasaki, awa jaki? Ubana bai gani ba, kakana bai gani ba. Illa, kai da kanka ka hwaɗin haka?"

Na ce, "Baba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda za shi saye shi ba sirdi za shi ɗora mishi ba, kai ma ka sani."

Ya dubi dokin. Sannan ya ce, "Kwana takwas ɗin naka na. In bai iya ba, halke shi tahi da shi. Amma ni kar in gani."

Kwana biyun farko ban kusanci rijiya da shi ba. Dokin hawa bai san a ja abu a bayansa ba, yana jin igiya ta taɓa cinyarsa sai harbi. Na ɗinka masa ɗamarar ƙirji da tsohuwar fatar sa, na yi mata shimfiɗa da tsumma don kada ta ci shi, na haɗa ta da sirdi. Na ɗaura ɗan reshe yana ja a cikin yashi, sannan gungume, sannan gungume da dutse a kai. Da na gwada jan sa a ƙasa da hannu sai ya yi ta rawa yana waiwaye, amma da zarar ya ji mutum a bayansa sai hankalinsa ya kwanta. Akawal mai kai ne. Yammacin rana ta biyu yana jan gungumen nan kamar a ciki aka haife shi, ni kuwa har na fara hura hanci.

Rana ta uku muka je rijiya. Aikin ga yadda yake: dabba ta yi tafiya miƙe daidai zurfin rijiyar, wasaki ya iso baki, mai tsaye a bakin rijiya ya yi kira, dabba ta tsaya ta riƙe nauyin har ya rungumo wasakin ya jawo shi gefe. Na hau, muka tafi tiryan-tiryan, igiya tana kuka a kan gungumen bakin rijiya da ke juya ta. Baffa Juli ya yi kira. Na tsayar da Akawal. Ya tsaya cak, ya sunkuyar da kai, ya ja da baya taki uku.

Baffa Juli ya riga ya miƙa hannu ya kama igiyar wasakin. Wasaki cike da ruwa ya koma ƙasa da shi, igiya ta zare fatar tafinsa, ba don surukarsa ta cafke shi ta ƙugu ba da ya bi shi ciki. Nauyin ya fizgi Akawal, ya ƙara ja da baya, wasakin ya bugi bangon rijiya ya yage. Ranar ko ɗigo ba mu fitar ba, kuma abin da na kwashe shekaru ina taƙama da shi ne ya jawo.

Surukar nan sunanta Fendo, matar babban ɗan Baffa Juli. Ita ce ke hawan takarkarin a bakin rijiya tun da aka kawo ta rugar. Ita ta zauna ta ɗinke wasakin, ta ɗaure wa tsohon hannu da tsumma. Ko kallona ba ta yi ba, wanda ya fi zagi ciwo.

Rana ta huɗu na yi abin da Baba Nomau bai koya mini ba. Na karɓi tsumagiya, duk lokacin da Akawal ya ja da baya in zuba masa. Dokin ya rikice. Shekara shida ana shafa wuyansa in ya yi abu, yau ana dukansa a kan abin nan. Ya fara tsalle, ya yi gumi, ga shi ba ƙarfi. Na ji kunyar kaina, na jefar da tsumagiyar. Rana ta biyar na ce to, linzami ne ke tuna masa, na cire shi na sa ragama. Ku ba za ku gane girman wannan ba, amma a wurinmu hawan ingarma ba linzami kamar fita kasuwa ba wando ne. Muka gwada da wasaki rabi, ba kowa a bakin rijiya. Aka yi kira, ya tsaya, ya ja da baya taki uku.

Ina zaune a kansa, sai Fendo ta matso. Ta ce, "Mai doki, puccu, dokin nan, ba shi da laihi. Tun shekaranjiya ina kallo. In an kai ƙarshe, kai kake kwantawa baya, kai kake matse ƙahwa. Maganarka yake ji."

Na ce mata ni za ta koya wa zaman sirdi? Baffa Juli ya yi dariya da hannunsa a naɗe, ya ce in sake mana, in lura da kaina. Na sake. Na ƙudura a raina ba zan motsa ba. Ana yin kira, kafin in ankara bayana ya kwanta, cinyoyina sun matse. Na sake sau uku, sau uku jikina yana riga ni. Ashe ba dokin kaɗai na hora ba, har da kaina, kuma ni na fi shi taurin kai.

Na sauka. Saura kwana uku. Na dubi mutanen da ke wurin, duk namijin da ya taɓa hawan doki a garin ni na koya masa zama, irin zamana zai yi. Sai na miƙa wa Fendo ragama.

Ta ce, "Ni? Ban taɓa hawa puccu ba."

Na ce, "Shi ya sa."

Matan gari suka kama baki, wata ta ce duniya ta zo ƙarshe, mace a kan dokin gidan Arzika. Baffa Juli ya ce duniya ta daɗe da zuwa ƙarshe, a bar yarinya ta hau. Ta shiga bukka ta sanyo wandon mijinta a ƙarƙashin zani ta fito.

Koya mata ya ci mini yini biyu, kuma ban taɓa samun mai koyo irinta ba. Matsalarta dunduniya ce. Takarkari sai ana dukan cikinsa yake tafiya, ita kuwa ƙafarta ta saba, tana hawa ta buga wa Akawal dunduniya biyu, ya zabura, ta sha ƙasa. Ta tashi ta karkaɗe ta sake hawa. Na cire likkafa gaba ɗaya, don irin tamu tana da kaifi a gefe. Na koya mata ta saki ƙafafunta su yi lilo, ta riƙe ragama ƙasa-ƙasa kusa da wuyansa, in tana son ya tafi ta tsotsi baki kawai, in tana son ya juya ta kwantar da igiyar a gefen wuya ba ta fizga ba. Zamanta kuwa ban taɓa shi ba. Tana zama a miƙe kamar an ɗora tulu, ba gaba ba baya, kuma abin da nake nema ke nan.

Duk da haka ban yarda da dokin ba, don abin da aka yi shekara shida ana yi ba ya fita a kwana biyu. Sai na sa Fendo ta nuna mini daidai inda takarkari yake tsayawa, ta san wurin ko idonta a rufe. Na kafa gwafa a nan, na ɗora ƙwarya a kai daidai tsayin ƙirjin doki, ɗan gaba kaɗan da inda zai tsaya, yadda sai ya miƙa wuya zai kai. Kowace tafiya a jefa 'ya'yan gawo biyu a ciki. Dokin da ya miƙa wuya gaba yana tauna ba ya ja da baya, jikinsa ba zai ba shi ba. Wannan ba wanda ya koya mini, yunwa ce ta koya mana ni da shi.

Rana ta bakwai da la'asar muka sa wasaki cikakke. Ni na tsaya a bakin rijiya, don in wani zai faɗa gara ni. Fendo ta tsotsi baki, Akawal ya sa ƙirji. Igiya ta yi ta fitowa a jiƙe. Da na ga bakin wasakin na yi kira. Ya tsaya. Na ga kunnuwansa sun juya baya yana jiran a ce masa wani abu, ba a ce ba. Ya miƙa wuya cikin ƙwarya. Na rungumo wasakin na juye a kwami, ruwa ya fantsamo mini har fuska. Wata tsohuwa ta ɗaga murya za ta rangaɗa guɗa, na ce ta rufa mana asiri, dokin nan in ya ji guɗa sukuwa ya sani. Kafin magariba mun fitar da wasaki goma sha tara.

Washegari falken ya iso da hantsi, da igiyarsa a hannu da rabin buhun gero a bayan raƙumi. Ya je gidan Baba Arzika bai sami doki a turke ba, dole tsohon da ya ce kada ya gani ya rako shi bakin rijiya. Suka tarar da tuluna a jere, shanu sun sa baki a kwami, Fendo tana kai da kawowa. Falken ya duba haƙoran Akawal tun yana tauna, ya shafa cinyarsa, ya kwance bakin buhu ya nuna geron. A shekarar nan rabin buhu ba abin wasa ba ne. Na san gidan Baba Arzika sun kwana biyu suna cin tafasa da dusa, kuma da ya karɓa ba mai zarginsa.

Baffa Juli ya ce, "Arzika, nagge in ta sha ruwa tana ba da nono ko kaɗan ne. Muddin puccu na ja, ƙwaryar gidanka ba ta kwana a bushe."

Baba Arzika ya juya wajen dokin. Ya tsaya ya kalli tafiya ɗaya, ya kalli ta biyu, ya kalli ta uku. Ya ga dokin gidansu da tsumma a ƙirji, ba linzami, ba likkafa, mace a kai. Ya kuma ga jikarsa ta ɗauki tulu cike ta nufi gida.

Falken ya ƙosa. Ya ce, "Baba, rana na yi, kasuwa na jirana. Ka sallama?"

Tsohon ya ce, "Albarka."

"In ƙara maka tiya biyu?"

"Albarka, nac ce. Ba ka ga yana aiki ba?" Sai ya naɗe hannun rigarsa ya matso bakin rijiya, ya ture ni gefe. "Kauce, Illa, ka gaji. Ke ɗiyar Hillani, ja mu tahi, shanu na jira."

Falken ya roƙi a ba shi ruwa. Aka ba shi ya sha, ya cika salkarsa, ya shayar da raƙuminsa. Ya naɗe igiyar da ya zo da ita ya rataya a kafaɗa, ya kama hanyar Cadakori.

Wata uku Akawal ya yi yana jan wasaki har ruwa ya sauka, kuma ba saniya ɗaya da ta ƙara mutuwa don ƙishirwa a bakin rijiyar nan. Ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya. Tsufa ne ya kashe shi, a turken gidan Arzika, kuma gari da ruga muka taru muka haƙa rami muka rufe shi.